Sneaky Pete, sandar 'yan ɓad-da-kama: me ke cikinta, kuma ko ta ci kuɗinta?

Duk wanda ya leƙa gidan wasan ful a Amurka, wato ɗan'uwan sinuka da ake bugawa da ƙwallaye masu lamba a kan tebur mai manyan ramuka 6, zai ga sanduna jere a jikin bango. Na gida ne, kowa ya zo sai ya zara. Gindinsu duhu, samansu fari, ga tsini 4 a inda katakan biyu suka shige cikin juna. Yawancinsu sun ji jiki. Wata ta lanƙwashe, wata fatar bakinta ta baje kamar lema, wata kuwa in ka buga sai ka ji wani abu yana kaɗawa a cikinta. Sandar da ake kira Sneaky Pete an ƙera ta ne domin ta saje da waɗannan. Daga nesa ba mai raba ta da ta bango. Sai ka ɗauke ta, ka kai ta ƙarƙashin fitilar tebur, ka juya a hankali, sannan za ka hango wani siririn layi kamar silin gashi a tsakiyarta, inda rabi biyu suka haɗu. Kura ce da fatar akuya, kuma da gangan aka yi ta haka.

Sunan ba na kamfani ɗaya ba ne, sunan samfuri ne. Schmelke da ke Rice Lake a jihar Wisconsin na yin ta, McDermott da Meucci da Lucasi da Players da Predator duk sun fitar da irin tasu, haka ma masu ƙera sanda da hannu. Hukuncina tun daga farko shi ne: ɓad-da-kamar da aka yi ta dominsa ya riga ya mutu, amma ginin da wannan buƙata ta haifar yana nan da ransa. In ka dace da ta gaske, da wuya ka sami sandar da za ta ba ka bugu mai kyau haka a kan kuɗi kaɗan. In kuwa ka faɗa wa ta bogi, ka sayi fenti ne da labari.

Mutanen da aka yi ta dominsu

Iya wasa kaɗai ba ya mai da mutum ɗan ɓad-da-kama. Sana'arsa ita ce ya sa wanda bai kai shi ba ya yarda cewa ya fi shi, har ya ajiye kuɗi a kan hakan. Yakan shigo garin da ba a san shi ba da shigar lebura ko direban babbar mota, ya fara da ɗan ƙaramin kuɗi, ya bari a ci shi sau biyu sau uku. In ya ci, sai ya ci da ƙyar, kamar sa'a ce ta faɗo masa. Shigo-shigo ba zurfi ke nan, har sai kuɗin da ke kan tebur ya yi kauri. Abubuwan da ke tona shi sanannu ne: tsayuwarsa, yadda yake kafa hannun hagu a kan ƙyalle, yadda yake shafa alli, sai kuma sanda. Wanda ya shigo da jakar fata, ya zaro sanda mai ado da zobba masu ƙyalli, ya riga ya yi wa kansa shela, ba mai sa kuɗi da shi. In kuma ya dogara da ta bango, to zai yi wasan da abincinsa ke ciki da sandar da bai san nauyinta ba, bai san halin fatarta ba.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne. A zaɓi sandar bango mai lafiya, a yanka ta biyu, a dasa ƙusa mai zare a rabin gindi, a huda rabin gaba a yi masa zare, a gyara sirantarta, a sa mata fata mai kyau, a bar duk wani ado. Mai ita zai haɗa ta a cikin mota, ko abokin tafiyarsa ya riga shi shiga ya jingina ta cikin na bango. Shi kuma in ya iso sai ya zaro wannan, ya mirgina a tebur, ya girgiza kai ya mayar, ya zaro waccan, a karo na uku hannunsa ya sauka kan tasa kamar da ka.

Sunayen da masu talla ke jingina wa wannan sanda manya ne, kuma yana da kyau mai saye ya san su. Wanda ya fi kowa suna shi ne Rudolf Wanderone, haifaffen birnin Niyok a 1913. Da New York Fats ake kiransa, sai da fim ɗin The Hustler ya fito a 1961 da wani ɗan wasa mai suna Minnesota Fats a ciki, sannan ya ɗauki sunan ya ce da shi ake, duk da cewa marubucin labarin, Walter Tevis, ya dage cewa ƙirƙira ce. Wanderone bai taɓa cin wata babbar gasa ba. Makaminsa baki ne: ya cika ɗaki da surutu, ya ja ciniki har sai sharaɗin wasan ya karkato gefensa. A watan Fabrairun 1978 aka haɗa shi da Willie Mosconi a otal ɗin Waldorf-Astoria, tashar ABC ta nuna, Mosconi ya ci. Shi Mosconi ba ɗan hanya ba ne, zakaran gasa ne wanda ya jefa ƙwallo 526 a jere ba kuskure a Springfield ta jihar Ohio a 1954, kuma ya ƙi jinin a haɗa wasan da sunan 'yan caca. Wanderone ya mutu a Nashville a 1996.

In ana maganar hannu kuwa, sai a koma kan Luther Lassiter, wanda ake wa laƙabi da Wimpy, ɗan Elizabeth City ta jihar North Carolina. An haife shi a 1918, ya yi tashe a Norfolk lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da garin ke cike da sojojin ruwa da kuɗi, kuma har yau ana sa shi a sahun farko na gwanayen wasan ƙwallo 9, wanda ake bin ƙwallaye masu lamba 1 zuwa 9 a jere. Abokin yawonsa, Don Willis na Canton a Ohio, shi ne cikakken misalin sana'ar: ya guje wa gasa da masu ɗaukar hoto, domin ya san ranar da aka gane fuskarsa kasuwa ta watse. Akwai Eddie Taylor, mai laƙabin Knoxville Bear, sarkin bugun da ƙwallo ke dukan bangon tebur ta dawo rami. Akwai Ronnie Allen, gwanin wasan rami ɗaya, wato wanda kowane ɗan wasa ke da rami guda da zai jefa ƙwallayensa, shi yakan yarda ya buga da hannu guda domin a samu a shiga wasa da shi. Akwai Billy Joe Burge na Detroit, mai laƙabin Cornbread Red. Mahaɗarsu ita ce Johnston City, wani ƙaramin gari a kudancin Illinois, inda 'yan'uwa biyu, George da Paulie Jansco, suka buɗe gasa a 1961. Gasar ita ce a fili, ainihin kuɗin kuwa da dare yake canja hannu a ɗakin baya. Haka aka yi ta yi har 1972, shekarar da jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame, daga nan ba a sake yi ba. Ko a 1985 dabarar ba ta gama mutuwa ba: a shekarar Efren Reyes na ƙasar Filifin ya shiga gasa a Houston da sunan Cesar Morales, ya lashe.

Abin lura ga mai saye shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi suna saboda wannan sanda. Da zarar an san mutum, ɓoye sanda ba ya amfana masa komai. Sneaky Pete kayan aikin waɗanda ba a san su ba ne, masu bin ƙananan garuruwa da mashaya. Kuma rayuwar ba ta da daɗin da talla ke nunawa. Wanda asirinsa ya tonu a garin da ba shi da kowa yakan sha duka, kuɗin caca kuma ba ya zama a hannu. Lassiter da kansa ya ƙare kwanakinsa a garin da ya tashi ba tare da wata dukiya ba, ya mutu a 1988. Yau kuma wayar hannu ta gama da sana'ar: a ɗauki hoton baƙo, a tura, cikin minti kaɗan an san ko wane ne, ga kuma tsarin FargoRate da ke auna ƙarfin 'yan wasa da lamba. Saboda haka mu ajiye labari, mu duba katako.

Gininta daga gindi zuwa baki

Tsawon da aka saba shi ne inci 58, kusan santimita 147, rabi biyu masu inci 29 kowanne. Nauyi daga oza 18 zuwa 21, wato daga giram 510 zuwa kusan 595, kuma oza 19 ita ce aka fi nema. Dokar hukumar wasan ta duniya ta ce sanda kada ta gaza inci 40, kada ta wuce oza 25, bakinta kada ya wuce milimita 14, don haka duk wadda ka saya a kasuwa tana cikin ƙa'ida, ana shiga gasa da ita.

Zuciyar wannan sanda ita ce saƙar da ke gindinta, kuma a nan kuɗinka yake. A ta gaske, ana ɗaukar katako biyu, fari mai tauri da ake kira mapul da kuma mai duhu da nauyi irin rozwud ko kokobolo ko eboni, a tsaga kowanne ya fitar da yatsu 4 dogaye, a shafa gam, a cusa su cikin juna kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannuwansa, a ɗaure har ya bushe, sannan a ɗora a injin juya katako a fere. Tsinin nan 4 da ake gani ba zane ba ne, bakin saƙar ne ya fito fili. Amfaninta biyu. Fuskar da gam ya kama tana da faɗi ƙwarai, ba kuma ƙarfe a tsakani, don haka gindin yana amsa bugu kamar itace ɗaya. Sannan nauyin yana fitowa ne daga katakon kansa, yana raguwa a hankali daga baya zuwa gaba. Wannan saƙa ce ke cikin tsohuwar sandar Titlist ta kamfanin Brunswick, wadda George Balabushka, maƙerin Brooklyn da ya mutu a 1975, ya riƙa yankawa yana gina nasa sandunan a kai, waɗanda yau ake rububinsu da dubban daloli. Wato ƙashin bayan sanda mafi tsada da na sandar bango iri ɗaya ne.

Mahaɗin tsakiya shi ne abu na biyu. A asali katako ne ke haɗuwa da katako, ba zobe ba ƙarfe a waje. Ƙusar da ta fi dacewa da wannan ita ce mai kaurin 3/8 na inci da zare 10 a kowane inci, wadda ke shiga kai tsaye cikin katakon rabin gaba. Akwai kuma mai 5/16 da zare 18 ko 14, wadda galibi ke shiga cikin ɗan bututun tagulla da aka dasa. Ta farko bugunta ya fi taushi, kana jin ƙwallo a tafin hannunka. Ta biyu ta fi jure yawan kwancewa da ɗaurawa. Ka san lambar ƙusarka kafin ka biya, domin ranar da ka so ƙara wani rabin gaba, wanda zarensa bai dace ba ba zai shiga ba, in ka tilasta kuma ka cinye zaren.

Rabin gaba mapul ne zalla. Bakinsa yawanci milimita 13 ne ko 12.75. Abin da ya raba shi da na bango shi ne yadda aka sirantar da shi. Ta bango tana fara kauri tun daga baki, kamar karas, saboda haka tana buɗa yatsunka yayin da take wucewa. Mai kyau kuwa kaurinta kusan ɗaya ne a inci 12 zuwa 14 na farko, tana zirga-zirga cikin yatsu ba ta ɗaga su. A ƙarshe akwai farar hula da ke kare bakin katako daga tsagewa, sai fatar da ke taɓa ƙwallo. A can gindi kuma akwai robar da ke kare shi daga ƙasa, a ƙarƙashinta galibi akwai ƙusar nauyi da ake iya cirewa a canja.

A kan tebur

Abin da hannu ke fara ji shi ne ma'auni. Ɗora ta a kan yatsa ka nemi inda take tsayawa: a sanda mai lafiya wurin yana kusan inci 18 zuwa 19 daga gindi. In ya koma baya sosai, alama ce cewa katakon ba shi da nauyi, da doguwar ƙusa aka cike, kuma bakin sandar zai riƙa neman tashi daga hannunka a bugun ƙarfi. Mai saƙar gaske ba ta cika samun wannan matsala ba.

Bugunta a tsakiyar farar ƙwallo tsaf yake, da ƙara gajeriya mai zurfi, ba ƙarar ƙarfe. A wasan rami ɗaya da duk inda ake son taɓawa a hankali, a tura fara inci kaɗan a ɓoye ta bayan wata, wannan jin da take bayarwa yana da daraja ƙwarai, kuma a nan na fi yaba mata. Jawo fara baya ma ba ya wahala muddin fatar na da kyau.

Inda take da rauni shi ne bugun gefe. Ƙwallon ful faɗinta inci 2 da kwata ne, milimita 57 da ɗoriya. In ka bugi fara a dama da tsakiyarta domin ta juya, ba za ta bi layin sanda daidai ba, za ta ɗan kauce hagu. Yawan kaucewar ya dogara ne da nauyin da ke inci 6 zuwa 8 na bakin sanda. Rabin gaba na mapul cikakke mai milimita 13 da doguwar hula yana da nauyi a wurin, don haka yana kautar da fara fiye da na zamani da ake rarake cikinsu, irin 314 na Predator, ko baƙaƙen nan na zaren kabon. Tsofaffin gwanaye duk da irin wannan suka yi wasa, sun koyi gyara saiti da ido. Akwai kuma dabara: ka saita a tsakiya, ka bar hannun gaba a kafe, ka karkata gindin kaɗai zuwa gefen da kake so. In tazarar hannunka da fara ta dace da sandar, wadda a irin wannan rabin gaba takan faɗa wajen inci 10 zuwa 12, karkatar da kaucewar sai su kashe juna. Kowace sanda da tata tazarar, da gwaji ake gano ta. Wanda ya riga ya saba da sanda mai ƙarancin kaucewa zai sha mamaki a makonnin farko, ya riƙa kuskuren ƙwallayen da ya saba jefawa. Yana iya sayen gindin ya ɗaura masa rabin gaba na zamani mai zare iri ɗaya, sai dai in baƙi ne, kamannin sandar bango ya tafi ke nan.

Abu na biyu da ke damun wasu: ba ta da naɗin zare a mariƙa. Sandunan da aka saba ana naɗe su da zaren lilin ko fata domin su sha gumi. Wannan katako ne da fenti mai sheƙi. Mai busasshen hannu zai ji daɗinta, yana iya matsar da riƙonsa ko'ina. Mai gumin hannu kuwa za ta riƙa santsi ko danƙo, dole ya ajiye tawul kusa.

Yadda ake gane ta gaske, da abin da ke lalacewa

Kasuwa cike take da masu kama da ita, kuma hoto ba ya nuna bambanci. In sandar na hannunka, fara da tsinin. A saƙar gaske bakinsu kaifi ne kamar allura, kuma in ka bi farin katakon zuwa ƙasa za ka ga shi ma ya tsuke ya shige tsakanin yatsun mai duhu. In bakin tsinin a dunƙule yake, da inji aka rarake gurbi aka dasa, ado ne kawai a kan gindin da aka haɗa ta wata hanya. In kuwa tsinin 4 sun yi daidai wa daida har abin ya yi yawa, ba ka ganin layin gam, kuma jijiyar katakon ta wuce ta ƙarƙashin duhun ba ta yanke ba, to fenti ne ko takarda aka manna. Kada ɗan bambancin tsawo tsakanin tsinin ya tsorata ka. Wanda ya ɗara ɗan'uwansa da milimita 2 ko 3 shaida ce ta saƙar gaske da ba a ɗora daidai tsakiya ba wajen fira, ba ya taɓa bugu. In bambancin ya kai kusan inci guda, aikin gaggawa ne, ka duba sauran sassan da kyau.

Daga nan sai miƙewa. Mirginawa a tebur kaɗai tana ruɗi, domin ƙyalle da siffar gindin na iya sa lafiyayyar sanda ta yi rawa. Ka ɗaga ta zuwa ido kamar mai saita bindiga, ka juya a hankali kana kallon bakin. Sannan ka kwance, ka mirgina kowane rabi shi kaɗai, ka haɗa ka sake mirginawa. In rabi biyun lafiya suke amma a haɗe tana tsalle, laifin daga mahaɗi ne: ko ƙusar ba ta zauna a tsakiya ba, ko fuskokin biyu ba su kwanta a kan juna ba. Fuska ana iya gyara ta a inji cikin minti kaɗan. Karkatacciyar ƙusa kuwa aiki ne babba, gara ka mayar.

Shafa yatsa a kan layin haɗin. Bai kamata ka ji tudu ba. Ka duba bakin katakon a wurin ko akwai 'yar tsaga, domin nan ne raunin wannan samfuri. Ba zoben da ke ɗaure katakon, don haka faɗuwa ɗaya a kan siminti, ko yawan ɗaurewa da ƙarfi, ko lanƙwasa sandar a kan tebur bayan bugun buɗe wasa, na iya tsaga shi. Shi ya sa masu ƙera da yawa yanzu suke sa siririn zobe baƙi ko ruwan ƙasa a wurin. Masu son asali suna ƙorafi cewa zoben ya tona asiri. Ni ina ganin zoben alheri ne: ba wanda ake ɓoye wa yanzu, kuma yana ƙara wa sandar shekaru.

Riƙe ta a tsakiya ka bugi gindin da tafin hannu. In ka ji kaɗawa, cire robar ka ɗaure ƙusar nauyi, sau da yawa shi ke nan. In ƙarar ba ta tafi ba, ko kuma kana jin wani ƙyas a bakin sanda duk lokacin da ka buga, hular ce ta saki ko fatar ba ta kama ba. A ƙusa mai shiga katako kai tsaye, kullum ka fara murɗawa da yatsu biyu, in ka ji turjiya ka koma baya. Zaren katako in ya hau karkace sau ɗaya ba ya komawa daidai. Ka sayi murafun da ake ɗaura wa mahaɗin in an kwance, kuɗinsu kaɗan ne, suna hana ƙura da danshi shiga.

Fata da kula

A masu arha, fatar da ke zuwa da sandar ita ce abin da ya fi saurin ba da kunya, kuma canja ta shi ne gyara mafi riba. Elk Master mai taushi ce, tana riƙe alli amma tana saurin bajewa. Triangle da Le Pro sun fi tauri, suna daɗewa da siffarsu. Duka ukun na kamfanin Tweeten ne na Shikago, mai yin allin Master. Masu hawa-hawa irin Kamui da Moori na Japan sun fi tsada nesa, sun kuma fi daidaito daga wata zuwa wata. Ga wannan sanda Triangle ta wadatar.

Canjin ba wuya in an bi a hankali. A yanke tsohuwar da reza, a kankare ragowar gam har fuskar hular ta yi sumul kuma a kwance, domin in ta yi tudu a tsakiya sabuwar za ta ɓalle. A ɗauki fata mai milimita 14, wadda ta ɗan fi bakin faɗi, a goga bayanta a samfefa mai lamba 220 da aka shimfiɗa a kan gilashi. A ɗiga gam mai saurin kamawa, irin mai kauri, a ɗora a tsakiya, a danne minti guda, a bar shi kwata na awa. Sai a kifa sandar a kan katako, baki a ƙasa, a bi gefen hular da reza ana yanke abin da ya fito, kaɗan-kaɗan, ba tare da an ci farar hular ba. A zagaye saman ya yi lanƙwasa irin ta gefen tsabar senti 5 ta Amurka, mai faɗin milimita 21, ko ta senti 10 mai kusan 18 ga mai yawan bugun gefe. A ƙarshe a ɗan jiƙa gefen fatar a murza da wata fata har ya yi sheƙi, wannan ke hana ta bajewa. In kaurin gefenta ya ragu zuwa kusan milimita 1, lokacin canji ya yi, in ba haka ba hular ce za ta fara shan dukan. Kuma duk kyan fata, in ka bugi fara nesa da tsakiya fiye da rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar da gefenta, wajen milimita 14, sanda za ta zame. Wannan iyakar ƙwallo ce, ba laifin fata ba.

Rabin gaba zai yi shuɗi da alli, ya yi danƙo da gumi. Kada a kai masa samfefa mai kaushi, kowace gogawa tana cin katako, cikin shekara guda milimita 13 ta zama 12. Tsumma mai ɗan danshi, a bi da busasshe nan take, a murza da fata har ya yi ɗumi, ya isa. Kada a jingina ta a bango ta kwana, kada a bar ta cikin mota a rana ko a sanyi, domin zafi da danshi ne ke lanƙwasa mapul, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Buɗe wasa da ita ma yana baje fata da wuri, musamman a teburan mashaya masu ƙafa 7 da wasunsu ke da fara mai nauyi fiye da sauran ƙwallaye. A zari ta bango a fasa da ita.

Akwai wani haɗari da kamanninta ke jawowa: in ka ajiye ta ka juya baya, wani zai ɗauka ta gida ce, ya zara ya yi ta fasa ƙwallaye da ita, ko mai shara ya mayar da ita cikin na bango. Ka riƙa kwance ta in za ka tashi.

Wa ya kamata ya saya

Masu arha da ake shigowa da su daga Asiya ana samunsu ƙasa da dala 100, kuma a nan ne fenti da takarda suka fi yawa, don haka ka nemi mai sayarwa ya faɗa maka a rubuce cewa saƙar cikakkiya ce. Na kamfanonin Amurka irin Schmelke, da ke barin mai saye ya zaɓi katako da nauyi da irin ƙusa da faɗin baki, su ne a ganina suka fi dacewa da yawancin mutane. Na maƙeran hannu suna kai ɗaruruwan daloli, abin da kake biya a wurinsu shi ne katakon da aka bari ya bushe shekaru ana fere shi kaɗan-kaɗan, wanda shi ne babban abin da ke hana lanƙwasa.

Mai koyo da ya gaji da sandunan bango, yana son tasa ta farko, wannan ta fi masa mai ado da ke kan kuɗi ɗaya, domin a can rabin kuɗin ado ya tafi. Gwanin da ke son ta biyu, wadda zai shiga da ita wuri mai cunkoso ba tare da fargabar ƙujewa ba, ita ce. Mai gumin hannu, da wanda wasansa ya ginu a kan bugun gefe da sanda mai ƙarancin kaucewa, su gwada ta wani kafin su biya. Ga wanda zai yi oda bai taɓa riƙe ta ba, zaɓin da ba ya ba da kunya shi ne oza 19, baki milimita 12.75, ƙusa 3/8 mai zare 10, siririn zobe a mahaɗi, da fatar Triangle.